Keken Kakata da Abin da Ake Dubawa a Bayan Ɗinki

Yarona, jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa na ɗora ka a kan tsohon keken ɗinki na ƙafar nan da ke lungu, alhali ga kekunan lantarki babu kowa a kansu, har ka ƙara da cewa da naka ne da tuni ka sayar da shi. Ban amsa maka nan take ba, domin akwai mai kaya a tsaye yana jira, kuma maganar ba ta tsaye ba ce.

Keken na kakata ne, wadda ta haifi mahaifiyata, Allah ya jiƙanta da rahama. Ta haura shekara 90 a duniya, kuma mafi yawan shekarun nan a kan kujerar wannan keke ta yi su. Da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta ciyar da mu jikoki da aka tara mata, kuma a gabansa na fara riƙe almakashi tun ƙafata ba ta kai matakin ba.

Idan ka goge ƙurar jikinsa za ka ga sunan Singer, wato kamfanin Isaac Singer, wanda ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, shekara 5 bayan Elias Howe ya yi rajistar ɗinkin zare biyu a 1846. Namu samfurin 15K ne, kuma harafin K yana nuna cewa an ƙera shi a masana'antar kamfanin da ke Clydebank a ƙasar Sikotland. An rufe masana'antar tun 1980, amma keken da ya fito daga cikinta har yau bai taɓa kwana a wurin mai gyara ba. Kakata ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, ni ne na bincika daga baya. Abin da ta sani shi ne cikin keken, kuma saboda shi na ɗora ka a kai.

Kowane ɗinki da keke yake yi zare biyu ne suke haɗuwa: na sama wanda allura take shiga da shi, da na ƙasa wanda yake fitowa daga kwarkwaro, wato ɗan abin da ake naɗe zaren a jikinsa, a cikin ƙoshiya, wato gidansa da ke ƙarƙashin allura. Idan ƙarfin jan su ya daidaita, ƙullin yana ɓuya a tsakiyar yadi, ba a ganinsa ta gaba ko ta baya. Idan zaren sama ya yi sako-sako, ko kuma ba ka bi da shi ta hanyarsa daidai ba, fuskar ɗinkin za ta yi kyau, amma bayansa ya cika da zare a cukurkuɗe. Idan kuma ya matse fiye da kima, zaren ƙasa zai leƙo sama, yadin ya tattare. Saboda haka kakata ba ta taɓa duba fuskar aikina ba. Duk abin da na miƙa mata, sai ta juya shi, ta bi bayan da babban yatsa daga farko zuwa ƙarshe, idan ta ji wani tudu ta miƙo mini reza ba tare da ta ce uffan ba. Na farke riga guda sau 4 a yini ɗaya ina hawaye, kuma a lokacin na ɗauka mugunta ce kawai irin ta tsofaffi.

Keken lantarki yana gudu fiye da idon mai koyo, kafin ka gane ka yi kuskure ka riga ka ɗinke kamu guda. Keken ƙafa kuwa ba ya wuce abin da ƙafarka ta ba shi. Dole ka fara juya ƙafar hannun, wato zagayayyen ƙarfen da ke gefen keken, zuwa wajenka, domin idan ta koma baya zare zai tsinke ko ya harɗe. Dole ƙafafunka su koyi tafiya ɗaya ba tare da ka kalle su ba, hannu biyu kuma su tsaya ga yadi, suna yi masa jagora kawai, ba sa ja, tunda haƙoran da ke ƙarƙashi su ne masu tura shi. Wanda yake jan yadi shi ne mai karya allura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarunta na ƙarshe. Idonta ya yi rauni har sai mun zura mata zare a allura, amma kunnenta bai tsufa ba. Tana daga ɗaki za ta ji ƙarar keken ta canja, ta aiko a gaya mini cewa allurar ta dakushe, ko ƙoshiya tana neman mai, kuma ban tuna ranar da na duba na tarar ta yi kuskure ba. Ba ta yarda a sa masa kowane irin mai ba sai man keke, domin sauran suna daskarewa su riƙe ƙura, kuma ɗigo ɗaya take sawa a kowace kafa, sannan ta ɗinka ƙyalle kafin ta ɗora kayan mutane. Da gwiwoyinta suka gaza, ba ta bar aiki ba. Ta koma kalmasa da hannu da ɗaura maɓalli, kuma a makon da ta rasu mun tarar da rigar yaro a gefen shimfiɗarta, allura na soke a wuyanta, saura maɓalli 2. Ni na ƙarasa su.

Gobe da safe, kafin ka taɓa kayan kowa, ka goge keken, ka cire ƙoshiya ka share burbushin zaren da ke ƙarƙashi, ka duba bel ɗin fatar domin na ga ya fara saki. Daga nan ka ɗauki ƙyalle ka ninka shi biyu, ka sa farin zare a sama da baƙi a ƙasa, ka ja layi 10 a miƙe. Idan ka gama ka kawo mini, ta baya zan duba.