Tambaya da Amsa: Mai son cin abinci da alƙalami, ina zai sa kuɗinsa?

Wasiƙun wannan makon na matasa ne masu son shiga aikin jarida, rubutun wasan talabijin ko labarin zane.

Malam, na tara naira dubu ɗari uku. In sayi laftof ne ko babbar waya? Burina in riƙa rubuta wa jaridu da gidajen talabijin. (Ɗalibi daga Zariya)

Sayi laftof na hannu, ɗana, ka ci gaba da lallaɓa wayarka. Rubutu ba ya buƙatar na'ura mai ƙarfi. Nemi mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da ma'adana mai sauri, wato SSD, sannan ka mai da hankali kan batir da madannai. Kada ka je kai kaɗai, tafi da wanda ya san kan abin. A shagon, ka sa a cire caja, ka zauna kana bugawa rabin awa kana kallon yadda cajin ke sauka. Danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. A rubuta maka rasit mai lambar na'urar da kwanakin garanti. Mai shagon da ya ce "haba, ai mun zama ɗaya, ba sai an rubuta ba," ka yi masa sallama. Ka kuma koyi yadda ake saka ƙ da ɗ da ɓ tun ranar farko, don edita ba zai zauna yana gyara maka su ba.

Wace kyamara da wace riga mai aljihuna zan saya don a gane ni ɗan jarida ne? (Matashi daga Gombe)

Ba ko ɗaya. Ka rubuto min shafi guda kana lissafa kaya, ba ka ambaci labari ɗaya da ka taɓa rubutawa ba. Je kasuwar unguwarku, ka tambayi masu sayar da hatsi biyar farashin kwanon masara da abin da ya sa ya canza, ka rubuta kalma ɗari uku. In ka yi, turo min in duba.

An buɗe aji a WhatsApp, sati biyu, kuɗin shiga dubu ashirin. Sun ce za su ba da satifiket da katin shaidar ɗan jarida, su kuma haɗa mu da furodusoshi. In biya? (Wata baiwar Allah daga Katsina)

Kada ki biya, 'yata. Nan zan ɗan tsaya, domin wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Katin shaida ba a sayen sa. Gidan jaridar da mutum yake wa aiki shi ke ba shi, ko ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, wadda aka kafa tun 1955, ta ba mambobinta. Wanda ya ce zai sayar miki da shi bayan darasin sati biyu, roba ce mai hoto zai buga miki a shagon kwamfuta, kuma ranar da jami'in tsaro ya tambaye ki wane gida kike wa aiki, ke kaɗai za ki amsa. Na taɓa ganin wani yaro a bakin ƙofar wani taro, kati rataye a wuya da jan igiya, ana juya shi gaba da baya ana tambayarsa lambar editansa. Babu edita. Ya tsaya yana zufa, idonsa ya ciko. Kuɗin da ya biya na ɗinkin hular mahaifiyarsa ne, shi ya faɗa min daga baya. Har yau abin yana sosa min rai.

Ba ina cewa duk mai koyarwa a intanet macuci ba ne. Akwai marubutan kirki da ke yi. Amma ki tambaya: ina aikinsa? A wace jarida sunansa ya fito, a wane shiri aka rubuta shi a matsayin mai tsara labari? Zai karanta rubutunki ya yi masa jan biro, ko saƙon murya kawai zai riƙa jefowa mutum ɗari biyu? Haka masu cewa ki biya a ba ki lambar yabo, ko ki biya a sa labarinki a wata mujalla da ba wanda ya taɓa gani a hannun mai talla. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

In karatu kike so na gaske, hanyoyinsa a buɗe suke: sashen koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, da Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, ita ma a Jos. In babu hali yanzu, ki nemi gidan rediyon garinku su bar ki ki zauna kusa da masu haɗa labarai. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ba a biyan ko sisi wajen shiga. Ki tuna Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933. Abin da ya rubuta ne ya ja hankalin Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, har aka kai ga ba Imam editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Dubu ashirin ɗin nan, ki sayi data da takardu da littattafai.

Wani furodusa ya karɓi kashi uku na wasan da na rubuta, ya ce in kawo sauran goma, zai biya in an haska. (Marubuci daga Kano)

Kada ka ƙara ba shi ko shafi ɗaya sai da takarda. A rubuta kuɗin kowane kashi, kafin alƙalami nawa, ranar biyan ciko, da cewa sunanka zai fito a allo. Ku sa hannu gaban shaidu biyu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba ka mallakar rubutunka tun daga lokacin da ka rubuta shi, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Ka adana saƙonnin da ka tura masa da kwanan watansu. "In an haska" ba rana ba ce.

Ina zana labarai a littafin makaranta tun ina firamare. Ƙawayena sun ce sai da iPad ake zama ƙwararriya, ni kuwa mahaifina ɗan fansho ne. Har na fara tunanin dainawa. (Yarinya daga Maraɗi)

Kada ki daina, 'yata, don Allah. Hotunan shafuka biyun da kika haɗo na duba su da kyau. Tsohuwar nan da ke leƙowa ta katanga, gira ɗaya a ɗage, na gane abin da ke ranta tun kafin in karanta maganarta. Wannan ba na'ura ke ba da shi ba.

Abin da kike buƙata yanzu farar takarda ce mai kauri, fensir, baƙin alƙalamin zane da rula. Ki ɗauki hoton shafin da safe kusa da taga, ki gyara shi a waya da manhajar zane ta ibisPaint, wadda ake saukewa kyauta. In Allah ya hore nan gaba, ƙaramin allon zane na kamfanin Huion ko XP-Pen marar gilashin kallo ya wadatar, kuɗinsa bai kama ƙafar na iPad ba. Sai dai ki tabbatar zai yi aiki da wayarki kafin ki biya, ki gwada alƙalaminsa a shagon, ki ga layin yana kauri in kin danna.

Gyara ɗaya zan yi miki: maganar ta yi yawa, tana rufe fuskoki. Ki fara rubuta zancen kafin zane, ki rage shi, ki bar masa wuri a saman kowane gidan zane. Ki kammala labari ɗaya mai shafi takwas, ki sa sunanki a ƙasan kowane shafi, ki turo min bayan salla. Ki gaishe min da Baba.