Karen Damme: amsar maigida ga yaronsa

Ɗana, jiya da muna rufe shago ka tambaye ni abin da ya sa gari guda kamar Damme zai ɗora kare a kan tambarinsa, ka kuma ce tunda labarin da ka ji na baƙin kare ne, ko mu yi masa baƙin fenti a allon katakon da aka ba mu aiki. Gajiya ta hana ni amsa maka a lokacin. Yanzu ga amsar.

Na san abin da ya dame ka. A gida, idan aka ce wa mutum kare an zage shi, kuma babu sarkin da zai yarda a ɗinka masa kare a tuta. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A nan ƙasar Filandas ta Beljiyam karen farauta dabbar manya ce, ban da haka ma karen Damme yana da nasa dalilin daban.

Damme da ka gani yau, 'yan tituna ne da coci da gidan hukuma, tafiyar 'yan kilomita daga birnin Buruj ta bakin magudanar ruwa. Da ba haka take ba. A shekarar 1134 wata babbar ambaliya ta fasa gaɓar teku, ta buɗe hanyar ruwa da ake kira Zwin, ruwan ya kutso can cikin ƙasa. A inda ya tsaya aka yi madatsa, mutane suka zauna a bakinta, sunan garin ma daga madatsar ya fito. A 1180 Filib na Alsas, mai mulkin Filandas, ya ba wurin matsayin birni. Manyan jiragen ruwa a nan suke sauke kaya, a juye su cikin ƙananan kwale-kwale zuwa Buruj. Giyar inabi da kifi nan ne kasuwarsu. A 1213 rundunar ruwan Ingila ta afka wa jiragen Faransa a wannan tashar. Daga baya laka da yashi suka cike Zwin, jirage suka daina zuwa, gari ya kwanta. Tambarin dai ya rage.

To, labarin kare. Tsofaffi suna cewa lokacin da ake ginin madatsar, akwai wata ɓaraka da ta ƙi toshuwa: a cike ta da rana, ruwa ya buɗe ta da dare. Wani baƙin kare kuma yana ta zagaya masu aikin yana kuka, har suka yanke cewa shaiɗan ne ya zo a siffar kare. Suka kama shi suka jefa cikin ramin, suka rufe da ƙasa, madatsa ta tsaya. Shi ya sa, in ji su, aka kira wurin Hondsdamme, wato madatsar kare.

Labarin yana da daɗi, ni ma ina son sa. Sai dai masana harshe sun nuna cewa sunan ne ya haifi labarin. Akwai tsohuwar kalma, honte, da ake faɗa wa wuri mai laka a bakin kogi. Har yau ana kiran wani reshen kogin Schelde da wannan suna. Kalmar kare a harshensu hond ce. Da aka manta ma'anar ta farko, kunne ya ji kare, sai masu yanka hatimin gari suka zana kare, sai kuma baki ya samo wa karen tarihi. Irin wannan tambari da ke faɗin sunan mai shi da hoto yana da yawa a ƙasar nan, kuma a ganina sanin hakan bai rage wa karen daraja ba ko kaɗan. Ɗaruruwan shekaru mutanen garin suna ganin kansu a jikinsa.

Yanzu ga abin da ya shafi hannunka. A wannan sana'a, tambari ba hoto ba ne, rubutu ne. Kowace ƙaramar hukuma tana da bayanin tambarinta a rubuce, kuma tun 1984 akwai majalisar masana tambura ta Filandas da ke ba da shawara kan su. Kana da 'yancin ba karen siffar da hannunka ya iya, ka sa masa ƙafafu masu rai, ka nuna yana gudu da gaske. Launi da tsari kuwa ba naka ba ne. Garkuwar tambarin ja ce, da farar ɗamara a tsakiya, karen yana kan ɗamarar. Launinsa ka ɗauko daga takardar da mai aikin ya kawo daga gidan hukuma, tana cikin aljihun teburina na sama. Labarin baka ba ya zaɓa mana fenti.

Abu biyu kuma da yara ke yawan kuskurewa. Dabba a kan garkuwa tana fuskantar hannun daman mai riƙe da garkuwar, wanda kai mai kallo hagunka ne; na taɓa kankare allo guda saboda na juya zaki, ban so ka sha wannan wahalar ba. Na biyu, fari da rawaya ana ɗaukar su azurfa da zinariya ne, kuma ba a ɗora ɗayansu a kan ɗaya, haka ma ba a ɗora ja a kan shuɗi ko kore. Dalilin shi ne a gane alamar daga nesa.

Idan mai aikin ya ce a bar katakon ba fenti, ja ana nuna shi da siraran layuka a tsaye, fari a bar shi sumul. Gobe ka zo da wuri, ka fara zana karen da fensir a takarda sau uku in gani, kafin ka taɓa katakon.