Cinikin Biri a Sama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni kafinta ne a Potiskum, shekarata uku da buɗe shagon kaina. Na ga wani shafi a Facebook yana tallar injin huda mai batir, an rubuta Makita a jikinsa, da batir biyu masu ƙarfin 128V, da caja da akwati, duka naira dubu 48. Mai shafin ya ce shagonsa yana kasuwar Alaba a Legas, in tura rabin kuɗin kafin alƙalami ya ba direba, in cika sauran idan kaya sun iso. Ya turo mini hoton takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma mutum fiye da dubu 20 ke bin shafin. Ya ce saura guda uku. Kuɗin adashi na ɗauka. In tura?

Wani kafinta, Potiskum

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Riƙe kuɗinka tukuna. Tambayoyi biyu ne ka haɗa wuri guda: ko mutumin yana nan da gaske, da kuma ko injin shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. Ta biyun wasiƙarka ta riga ta amsa, don haka da ita zan fara.

Babu injin huda na Makita mai batirin 128V. Kamfanin na Japan ne, kuma injinan hudarsa masu batir galibi 12V ne, ko 18V, ko 40V. Idan ka fasa batirin 18V za ka tarar da ƙananan batura biyar a jere, kowane 3.6V, shi ne lissafin ya ba da 18. Mai ɗaukar caji da yawa, irin wanda aka rubuta wa 5.0Ah, guda goma ne a ciki, shi ya sa yake da nauyi a hannu, ya haura rabin kilo. Kafin a samu 128V sai an jera irin waɗannan batura kusan 35, nauyinsu kaɗai ya wuce kilo ɗaya da rabi. Wa zai ɗaga wannan yana huda silin? Lambobin nan na 88V da 128V da 288V ado ne kawai ake bugawa a jikin roba don jan ido. Kuma batirin Makita na gaske guda ɗaya, ba inji ba caja, ya fi kuɗin da aka yanka maka na kayan duka. Ke nan ko da mutumin mai gaskiya ne wajen aiko da kaya, jabu zai aiko maka. Na daɗe a bayan kanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, na ga irinsu da yawa. Suna huda katako mai laushi na wata biyu ko uku, ranar da suka gamu da maɗaci sai ka ji ƙaurin waya.

To, sai maganar mutumin. Dubu 20 ɗin nan kada su ruɗe ka, mabiya sayensu ake yi, kuma ana sayen tsohon shafi dungurungum a sauya masa suna. Shiga shafin, ka nemi wurin da aka rubuta "Page transparency". A nan Facebook yake nuna ranar da aka buɗe shafin da sunayen da ya taɓa amsawa. In ka ga bara shafin barkwanci ne ko na tallar gashin mata, bana kuma ya zama dillalin injina, ka san inda aka dosa. Ka duba sharhin da ke ƙarƙashin tallar. Shagon gaske ba ya rasa mai ƙorafi, wani kayansa sun makara, wani caja ta ƙone. Inda kowa yabo yake yi da kalmomi iri ɗaya, ko an toshe sharhin baki ɗaya, ni hankalina ba ya kwanciya. Hoton injin ma ka sa shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto, sau da yawa za ka gan shi a shafukan waje, can aka ɗauko.

Takardar CAC da ya turo maka hoto ne, hoto kuwa kowa na iya kwafa ya goge suna. Hukumar tana da shafin bincike kyauta a intanet. Ka rubuta sunan kamfanin da kanka, ka ga ko lambar rajista, wato RC ko BN, da ke kan takardar ta dace. In ta dace, abin da ka tabbatar kawai shi ne akwai kamfani mai wannan suna. Ba ka tabbatar cewa mai yi maka magana a WhatsApp shi ne mai kamfanin ba. Abin da zai haɗa su shi ne asusun banki. Ka karɓi lambar, ka sa ta kamar za ka tura, sunan mai asusun zai fito kafin ka danna lambar sirri. Tsaya nan. In sunan kamfanin ne ya fito, an ɗan matsa gaba. In sunan wani mutum ne daban, aka ce maka na sakatariya ne ko na ƙanin oga don asusun kamfani ya samu matsala, rufe wayarka. Ban ce duk mai amfani da OPay ko Moniepoint ɓarawo ne ba, rabin 'yan kasuwarmu da su suke karɓar kuɗi. Sunan nake so ka duba, ba bankin ba.

Bari in ba ka nawa labarin, don kada ka ɗauka daga littafi nake karanto maka. Shekarun baya na ga injin walda a irin wannan shafi, na yi ciniki, na tura kafin alƙalami. Aka turo mini hoton kwali an naɗe da salatif, da sunana da lambata an rubuta da maka baƙa. Washegari da la'asar wani ya kira ni da Hausa rangaɗau, ya ce shi ne direban, suna Jebba, jami'ai sun tare mota, kowane mai kaya zai kawo wani abu kafin a sake su. Ina jin ƙarar motoci a bayansa har da mai tallar kifi. Na tura. Da dare ya sake kira, wai taya ta fashe kafin Mokwa. A nan jikina ya yi sanyi. Na ce ya ba ni lambar motar da sunan tashar da ya taso, sai layin ya katse, har yau bai dawo ba. Kwalin nan da sunana a jiki shi ya ci ni, alhali kwali da maka ba su kai kuɗin shayi da burodi ba. Hausar direban ma ta taimaka, na ji ɗan gida na saki jiki.

Gwajin da ya fi duk waɗannan sauƙi ne. Ka kira shi ta bidiyo ba tare da ka sanar da shi lokaci ba. Ka ce ya nuna maka allon shagon da layin da lambar shagon, ya ɗauko injin, ya sa batir, ya huda katako kana kallo, ya juya ka karanta lambar samfurin. Mai shago na gaske minti biyu zai yi ya gama, ciniki yake nema. Wanda ba shi da shago kullum yana sito, ko kamara ta lalace, ko sabis babu kyau. "Saura guda uku" kuma gobe ma saura uku ne, jibi ma haka.

Sannan kai fa a Potiskum kake, garin direbobin tirela da fataken shanu. Ba a mako mota ba ta tashi zuwa Legas ba, kuma Alaba a Ojo take, inda 'yan Arewa suke da yawa. Nemi wanda ka sani, ka ba shi kuɗin mota da na goro, ya je shagon da ƙafarsa, ya riƙe injin, ya kira ka daga can. Sai a lokacin kuɗi su tashi. In mai shafin ya fara kame-kame da jin cewa za a zo, ka samu amsarka ba ka yi asarar ko sisi ba.

Da ni ne kai, da kuɗin adashin nan Kano zan shiga, ko in leƙa masu kayan aiki na garinku, in ɗauki Ingco ko Total. Na China ne, amma da sunansu suke yawo, ba su ari na kowa ba, kuma batirinsu da cajarsu suna samuwa a kasuwa. Ka gwada a shagon, ka karɓi rasit mai adireshi.

TAMBAYA: Baba, ni mai walda ne a Panteka, Kaduna. Na riga na tura kuɗin injin yankan ƙarfe kwana biyu da suka wuce, yanzu mutumin ya toshe ni. Akwai abin yi?

Mai walda, Kaduna

AMSA: Allah Ya mayar maka da alheri. Yau ɗin nan ka je bankinka da ƙafarka, ka rubuta ƙorafin damfara, ka ba su rasit ɗin tiransifa da lambar asusun da hotunan hirarku, ka karɓi lambar ƙorafin. Irin waɗannan mutane ba sa barin kuɗi su kwana, don haka ba zan yi maka alƙawarin za su dawo ba, amma rahoton na iya sa a rufe asusun. Ka kai wa 'yan sanda ko EFCC kwafin takardun, ofishinsu yana nan Kaduna. In bankin ya yi shiru har mako biyu, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna, ka kai can. Kada ka goge hirar don haushi. Kuma nan da 'yan kwanaki wataƙila wani ya kira ka, ya ce daga banki yake, zai dawo maka da kuɗinka in ka karanto masa lambar da za ta shigo wayarka ko lambobin katinka. Su ne dai suka dawo, kashe wayar.