Amsa ga mai Prado da ta karkace bayan canjin sifirin

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sa wa Prado ɗinka, 120 ta 2007, sababbin shokozoba da sifirin masu ɗaga mota inci 2, sai ga bayanta ya yi sama, gabanta ya duƙa, ta kuma ɗan kwanta ta gefen direba, bakanike kuma ya ce a ƙara zobe a gaba, wato cikon da ake sawa a saman shokozoba don ƙara tsayi, ta daidaita. Irin motar nake hawa a nan Daura, kuma wannan maganar ta taɓa cin kuɗina, shi ya sa na zauna in rubuto maka a tsanake.

Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna. Sabon sifirin sai ya sha hanya yake zama, musamman na baya. Ka cika tanki, ka je Katsina ta Mashi ka dawo sau biyu ko uku, ka ɗan bi da ita hanyar ƙauye mai gargada, sannan a yi maganar awo. Tawa sai da ta yi kamar mako biyu kafin ta tsaya a tsayi ɗaya.

Awon kansa shi ne inda ake yawan kuskure. Za ka ga an ja da baya ana kallon mota da ido, ko a ɗora tef daga ƙasa zuwa madigadi. Ƙasar garejinmu kuwa ba daidai take ba, kuma taya ɗaya in iskarta ta ragu sai ta ɓata lissafin duka. Ka samu daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, irin na gidan mai, ka daidaita iskar tayoyi, ka fitar da tarkacen da ke but, ka auna daga tsakiyar cibiyar wili zuwa leɓen madigadi, tef a tsaye cak. Ƙafa huɗu, ka rubuta kowace da milimita. Da wannan takardar za ka je wurin bakanike, ba da "ina ganin kamar" ba.

To, matsala biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma ɗayar ba matsala ba ce. Bayan mota ya fi gabanta tsayi, haka kamfani ya ƙera ta tun asali, don in an yi lodi baya ya sauko ta miƙe. Ni ban san haka ba a lokacin. Ido na bi, ina son in ga ta tsaya sambal ko da ba kaya. Wani gareji suka sa mini zobe mai kaurin milimita 25 a saman shokozoban gaba, a kan ɗagawar da aka riga aka yi. Ranar na ji daɗi ƙwarai. Da kaka ta yi na ɗauko buhunan gero daga gona wajen Sandamu, ga mutum uku a baya, sai bayan ya zauna, hancin ya kalli sama, sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Da dare duk motar da muka yi kiciɓis sai ta watso mini fitila, don tawa tana shiga idon direba. Abin ya tsorata ni, domin da iyali nake tafiya a motar nan.

Akwai abin da ba a gaya mini ba game da zoben. A gaban Prado shokozoba ba a kan taya take zaune ba, tana kan hannun ƙasa ne, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota, wajen tsakiyarsa. Saboda haka abin da ka ƙara a samanta yana fitowa kusan ninki biyu a bakin taya: zoben milimita 10 zai ba ka abin da ya kusa 20. Ka ga ke nan nawa na 25 ya kai motar inda bai kamata ba. Shaf ɗin gaba, wato sandar da ke juya tayar gaba, ya koma yana aiki a karkace, robobinsa suka yage cikin 'yan watanni, yashi ya shiga, na fara jin ƙas-ƙas in na karya kwana. Tayar kuma ba ta da sauran wurin saukowa, duk ramin da na faɗa sai in ji ƙwam kamar an buga guduma. Sai da na sayo shaf biyu a Ƙofar Ruwa a Kano, aka cire zoben, sannan na huta. Inci 2 ɗin da ka yi, wato kusan milimita 50, nan ne iyakar da gaban wannan motar ke ɗauka cikin kwanciyar hankali in ba a canza hannun sama ba. In bayan sifirin ya zauna bambancin ya rage kamar inci ɗaya, ka bar ta haka. In kuwa bayan ya yi sama fiye da kima kuma tana dukanka a kujera, wataƙila sifirin masu ɗaukar kaya mai nauyi aka sayar maka, kai kuma ba ka yawo da kaya. Maganinsa a canza na bayan zuwa masu laushi, ba a kori gaba ya bi baya ba.

Kwanciyar gefe ita ce ta cancanci gyara. A tawa tankin mai da batir da ni kaina duk muna hagu, don haka can take son kwanciya. Shi ya sa wasu kamfanoni, irin Old Man Emu, suke yin sifirin ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, da alama a jiki. Kayan nasu na Ostareliya ne, inda sitiyari yake dama, don haka in yaron gareji ya ga an ce gefen direba yana iya juya su. Ka tambaya wanne aka sa a ina. Dogon yana tafiya gefen da ya kwanta ne.

Ka tambaya kuma ko an ɗaure notocin bushin mota tana rataye a jak. In an yi haka robar tana murɗewa, ta riƙe ƙafa ɗaya sama, daga baya ta tsage. A sassauta su, a sauke mota a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure. Wannan kaɗai ya rage mini rabin karkatar. In bayan haka bambancin hagu da dama bai wuce milimita 10 ba, ni dai ba zan taɓa ba. In ya wuce, a sa siririn zobe na milimita 5 ko 10 a kan sifirin gefen da ya yi ƙasa, a fara da na baya, don a can abin da ka sa kusan shi kake samu, kuma sau da yawa gyaran baya yana taɓa gaba.

Masu Land Cruiser 100 ko tsohuwar Hilux da ke karanta wannan, naku gaban galibi sandar ƙarfe ce mai murɗawa, da noti ake ɗaga ta, lissafinku daban ne.

Duk abin da aka taɓa, a ƙarshe a kai ta alaimen, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe ɗaya, a kuma saita fitilu a jikin bango da dare. In ka yi awon ka turo lambobin huɗu tare da lambar da ke jikin sifirin, in sha Allahu mu duba tare kafin ka biya kuɗin zobe.