Me ya sa aka rufe asibitin masu taɓin hankali na Weston?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na ga hoton wani katafaren ginin dutse a garin Weston da ke jihar West Virginia a Amurka, wai asibitin masu taɓin hankali ne na gwamnatin jiha da aka rufe. Marasa lafiyar ne suka warke, ko kuɗi ne suka ƙare wa gwamnati?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba warkewa duk suka yi ba. Maganar kuɗi kuwa tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce.

An fara ginin a 1858, yaƙin basasar Amurka ya tsayar da aikin, sai a 1864 aka karɓi marasa lafiya na farko. An bi tsarin wani likita ne, Thomas Kirkbride, wanda ya yi imani cewa iska da hasken rana da natsuwa magani ne. Shi ya sa ginin ya yi tsawo haka, ɗakuna a jere don kowa ya samu taga. Mutum 250 aka gina wa shi. Niyyar mai kyau ce, ban taɓa shakkar haka ba.

To amma zuwa shekarun 1950 mutum kusan 2,400 ke ciki. Asibitin ya zama wurin ajiye duk wanda dangi suka gaji da shi: tsofaffi masu ruɗewa, masu farfaɗiya, mashaya, da waɗanda aka haifa da tawayar ƙwaƙwalwa. Wace jinya za a yi a cunkoso irin wannan? Kullewa kawai ake yi. A wannan zamanin ne wani likita, Walter Freeman, ya riƙa zagaya asibitocin jihar yana tiyatar lobotomi, wato a zura ƙarfe ta saman ido a yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Da yawa sun yi shiru bayan haka, amma shirun lalacewa ne.

Maganin kilofiromazin, wanda ke kwantar da taɓin hankali, ya shiga Amurka a 1954, ya sa aka iya sallamar wasu su koma gida. A 1955 asibitocin masu taɓin hankali na jihohin Amurka na ɗauke da mutum sama da 550,000, daga nan adadin ya fara sauka. A 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu kan dokar kafa cibiyoyin jinya a cikin unguwanni. Sai Medicaid na 1965, shirin gwamnati na biya wa marasa ƙarfi kuɗin asibiti, wanda ba ya biyan kuɗin jinyar manya 'yan ƙasa da shekara 65 a irin waɗannan asibitoci, jihohi suka ga sallama ta fi musu sauƙi. Kotuna ma suka matsa lamba kan haƙƙin marasa lafiya. A 1994 aka rufe Weston, aka mayar da ragowar zuwa sabon asibitin William R. Sharpe, ƙarami, a garin.

A ganina rufewar daidai ce. Abin da ke ci mini rai shi ne, cibiyoyin da aka yi alkawari da yawansu ba a gina su ba, kuɗin bai bi marasa lafiya zuwa unguwanninsu ba. Wasu sun samu rayuwa cikin danginsu, wasu kuwa suka ƙare a bakin titi ko gidan yari. Tsohon ginin kuma an yi gwanjonsa a 2007 kan dala miliyan 1.5, yanzu masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su shiga neman fatalwa a ɗakunan da mutane suka sha wahala.