Me ya sa kokona yake yauƙi tun da na fara haɗa garin rogo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina sayar da koko da safe nan Maradi, da tiyar hatsi ta yi tsada sai na fara haɗawa da garin rogo, to yana kauri da wuri amma yana yauƙi, kuma kafin hantsi ya tsinke. Na masara kuwa in ya huce sandarewa yake. Ina matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Hannunki lafiya lau, sitacin ne ba iri ɗaya ba. Kowane sitaci abu biyu ne a cikinsa, amilos mai miƙaƙƙen zare da amilofektin mai rassa. Na rogo amilos ɗinsa kaɗan ne, wajen kashi 17 cikin 100, na masara ya kai wajen 25 ko fiye, hatsi da dawa ma can kusa suke.

Rogo tun ruwa na wajen digiri 60 zuwa 65 ƙwayoyin sitacinsa suke fara kumbura, su sha ruwa sosai don kusan babu mai ko furotin da zai riƙe su, shi ne kaurin nan da kike gani nan take da sheƙi da yauƙi kamar miyar kuɓewa, amma fa ƙwayar da ta kumbura haka ba ta da ƙwari, kina ta juya ludayi kina zuba ma masu saye tana ta fashewa, ga zafi ga tsamin gasara suna ƙara tsinka zaren, kafin ki ankara ya koma ruwa.

Masara da dawa sai wajen digiri 70 suke motsawa, ba sa kumbura sosai, suna jure tuƙi. In sun huce amilos ɗin ya sake haɗuwa ya ƙulle, shi ya sa tuwon da ya kwana ake yanka shi.

Ni dai shawarata kada rogon ya wuce tiya 1 cikin 5, ki gwada ki gani. Ki dama na hatsi tukuna ya nuna, ki kwaɓa rogon daban da ruwan sanyi ki zuba a ƙarshe, sannan ki rage yawan juyawa, kada gasarar ta yi tsami da yawa. Kuma don Allah rogon ya zama wanda aka jiƙa aka shanya ya bushe sarai, mai ɗaci yana da guba, kuma yara ma suna shan kokon nan.