Tambayoyin Masu Karatu: Kwamfutar Wasa, Zafin Bazara da Matsalar Wuta

A wannan fitowar mun zaɓi wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a kan kwamfutar wasa, kuma mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kano, ina da kwamfutar ofis ta gwanjo ƙirar Dell OptiPlex mai ƙaramin akwati, da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-6500 da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) gigabait 8. Ina so in riƙa buga EA Sports FC da GTA V a kanta. An yi mini tayin katin hoto (mai sarrafa hoton da ke fitowa a allo) RX 580 mai gigabait 8 a farashi mai sauƙi. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shawarata ita ce kada ka saya, domin wannan katin ba zai zauna a cikin kwamfutarka ba, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. Tsawonsa da faɗinsa sun fi ƙarfin ƙaramin akwatin, sannan yana cin wuta har wat 185, alhali ramin da ake soka kati a jikin madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da ake soka sauran kayan a kai, wat 75 kawai yake iya bayarwa. Ragowar sai an jawo ta da waya ta musamman daga fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, su kuwa ƙananan kwamfutocin ofis galibi fawa-fak ɗinsu tsakanin wat 180 ne zuwa 240, ba shi da wannan wayar, kuma mahaɗinsa na kamfanin ne kaɗai, don haka musanya shi da na kasuwa ba abu ne mai sauƙi ba.

Akwai kuma tarihin katin kansa. RX 580 ya fito a 2017, kuma yana cikin katunan da aka fi amfani da su wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum. Da aka daina haƙar Ethereum da katin hoto a watan Satumba na 2022, sai waɗannan katuna suka malalo kasuwannin gwanjo na duniya bayan sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Wasu suna nan da ƙarfinsu, wasu fankokinsu sun gaji, wasu kuma an sauya musu manhajar ciki. Duk wanda zai sayi irinsu, ya sa a kunna a gabansa, ya duba ainihin sunan katin da manhajar GPU-Z, sannan a bar shi yana aiki mai nauyi na rabin awa ana lura da zafinsa da tsabtar hoton.

Abin da ya dace da kai shi ne siririn kati wanda ba ya buƙatar ƙarin waya, kamar GTX 1650 mai gigabait 4, ko RTX 3050 mai gigabait 6 da ya fito a farkon 2024, wanda ke cin wat 70. Ka tafi da akwatin kasuwa a gwada a gabanka, saboda wasu siraran katunan suna da kauri, kuma a wasu akwatunan ramin yana dab da fawa-fak. Bayan katin, ka mayar da RAM ɗin gigabait 16 ta hanyar sa guda biyu iri ɗaya masu gigabait 8, domin biyu a tare sun fi guda ɗaya saurin isar da bayanai ga furosesa. Idan kuma har yanzu tsohon faifai mai juyawa kake amfani da shi, ka sa SSD, wato ma'ajiyar fayiloli marar juyawa wadda ta fi shi sauri. Da wannan GTA V zai tafi sumul. Shi kuwa EA Sports FC zai buɗe, amma furosesarka ta 2015 ce, don haka ka rage saitin hoto, kuma kada ka zuba kuɗi masu yawa a kanta, tun da ba ta cikin waɗanda Windows 11 ke karɓa a hukumance.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Daga Katsina nake rubuto maka. Na haɗa kwamfuta da Ryzen 5 3600 da madabod B450 da katin RTX 3060. A lokacin sanyi ba ta ba ni matsala, amma da bazara ta shigo sai zafin furosesa ya riƙa haura digiri 90, wasa ya riƙa tsinkewa, fankoki suna ta ƙara. Abokaina sun ce in sayi na'urar sanyayawa ta ruwa. Ita ce mafita?

AMSA: Barka kadai. Wannan tambayar ce na fi son masu karatu su tsaya a kanta, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asarar kuɗi. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, babu wata na'urar sanyaya kwamfuta, ta iska ce ko ta ruwa, da za ta iya sauke zafin furosesa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Aikinta kawai ta kwashe zafi daga furosesa ta miƙa wa iskar ɗaki. Masu gwajin kayan kwamfuta a Turai da Amurka galibi suna aunawa ne a ɗakin da bai wuce digiri 21 ko 22 ba. Idan a wurinsu furosesa ta tsaya a digiri 74, kai da ɗakinka ke kai digiri 38 da ranar Afrilu, ita wannan furosesar da wannan fankar za su kai ka kusan digiri 90 ba tare da komai ya lalace ba. Iyakar Ryzen 5 3600 digiri 95 ce, kuma tun kafin ta kai nan take fara rage gudunta don kare kanta. Wannan ragewar tana cikin abin da kake gani a matsayin tsinkewar wasa.

Na'urar ruwa ba ta kuɓuta daga wannan ƙa'ida ba, domin ruwan yana kai zafin ne zuwa lagireto, fankoki su busa masa iskar ɗakin nan dai mai zafi. Ga ta da famfo wanda idan ya tsaya zafi ke tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ruwan cikinta yana raguwa sannu a hankali da shekaru, kuma idan ta lalace ba kasafai ake samun mai gyara ta a kusa ba. Tana da amfani ga manyan furosesa masu cin wat 200 zuwa sama. Taka kuwa ta ajin wat 65 ce, kuma ina kyautata zaton har yanzu ƙaramar fankar Wraith Stealth da ta zo da ita a kwali ce a kanta. Ƙarfen sanyayawa mai tsayi, mai bututun tagulla huɗu zuwa shida da fanka mai milimita 120, irin Cooler Master Hyper 212 ko Thermalright Peerless Assassin 120, ya ishe ka har da rara, a kan kuɗin da bai kai na na'urar ruwa mai kyau ba. Abin da zai iya lalacewa a jikinsa fanka ce kawai, ita kuwa ana samunta a ko'ina. Sai dai ka auna faɗin akwatinka kafin ka saya, domin irin waɗannan suna kai santimita 15 zuwa 16 a tsaye.

Amma kafin ka fitar da ko kwabo, ka buɗe akwatin ka duba. Ka ce a lokacin sanyi ba ta ba ka matsala, to a daidai wannan lokacin ne ƙurar hunturu ke shiga tana taruwa tsakanin siraran ƙarafan sanyayawa, sai bazara ta zo ta tarar da hanyar iska a toshe. Ka cire wuta, ka fitar da kwamfutar waje, ka busa ta da bulawa kana riƙe da kowace fanka da yatsa don kada ta yi juyin da zai lalata ta. Daga nan ka cire fankar furosesa, ka goge tsohon man isar da zafi da ke tsakanin fankar da furosesa idan ya bushe, ka ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake, irin Arctic MX-4. Ka ɗan kunna kwamfutar ta yi ɗumi kafin ka cire, kuma ka murɗa fankar a hankali maimakon fizga, saboda a soket ɗin AM4, wato mazaunin furosesarka a jikin madabod, busasshen mai kan sa furosesa ta fito manne da fanka, har ƙafafunta su lanƙwashe.

Sai tsarin iskar akwatin. Fankoki biyu a gaba suna shigar da iska ta cikin raga mai tace ƙura, ɗaya a baya tana fitarwa, shi ne tsarin da ya fi dacewa da ƙasarmu, domin idan mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun damar kutsawa ta ƙananan kafofi. Akwatunan da aka rufe gabansu da gilashi saboda ado suna shaƙe kwamfuta, kuma na fi son a sayi mai raga ko da bai kai su kyan gani ba. Ka ɗauke ta daga ƙasa, kada ka cusa ta cikin kabad, ka bar mata tazara daga bango.

Akwai kuma maganin da ba ya cin kuɗi, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Katinka na RTX 3060 yana cin wat 170, kuma duk wutar da ya ci zafi take komawa a cikin akwatin. Idan ka buɗe manhajar MSI Afterburner ka rage iyakar wutarsa zuwa kashi 80 cikin 100, abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne, zafi da ƙara kuwa za su sauka a fili. Haka nan idan allonka mai nuna hotuna 60 ne a daƙiƙa, ka ƙayyade wasan a kan 60, domin hotuna 140 da katin ke wahalar haɗawa allon ba zai iya nuna su duka ba. Ka riƙa duba zafin da manhajar HWiNFO kafin kowane gyara da bayansa, don ka san wanda ya yi aiki.

Tun da muna kan kwamfutarka, ka sani cewa madabod ɗinka bai tsufa ba. Mafi yawan B450 suna karɓar Ryzen 5 5600 ko Ryzen 7 5700X3D bayan an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, don haka ranar da ka buƙaci ƙarin ƙarfi ba sai ka koma sabon soket ɗin AM5 ba, wanda zai tilasta maka sayen sabon madabod da RAM na DDR5 gaba ɗaya. Amma ka yi sabunta BIOS ɗin a kan wutar da ka tabbata ba za ta ɗauke ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da shagon buga wasanni a Sakkwato, kuma ina shirin ƙara kwamfutoci huɗu. Rabin yini a kan janareto muke. Wane fawa-fak zan saya, kuma dole ne sai da UPS?

AMSA: Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. A wurin da wuta ke hawa da sauka, fawa-fak shi ne kayan da bai kamata a nemi arha a kansa ba, domin marar kyau idan zai mutu yakan tafi da madabod ko katin hoto. Ka nemi na sanannen kamfani irin Seasonic ko Corsair, mai garanti, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda irin wannan ya fi jure faɗuwar wuta. Tambarin 80 Plus yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta, sauran ta zama zafi. Ma'aunin tattalin wuta ne, bai isa shaidar inganci shi kaɗai ba, kuma ana buga shi na jabu a kan kwali.

Ga mai shago da ke sayen fetur, yawan wutar da kati ke ci lissafin riba ne. RTX 4060 yana cin wat 115, RX 6600 yana cin 132, kuma dukansu sun isa wasanni a kan allo mai 1080p. Kwamfuta mai ɗaya daga cikinsu da Ryzen 5 5600 ba ta cika wuce wat 250 ba a tsakiyar wasa, don haka fawa-fak mai wat 550 ya wadatar.

UPS kuwa, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, dole ne, ko don 'yan daƙiƙoƙin da ake ɗauka kafin a juya layi zuwa janareto, domin ɗaukewar wuta kwatsam tana lalata fayilolin Windows da na wasanni. Ka lura cewa lambar VA da ke jikinsa ba ita ce wat ba. Mai VA 650 yakan ba da wat 360 zuwa 390 ne, wato kwamfuta ɗaya da allonta. Ka fi son UPS ko inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin wasu fawa-fak na zamani sukan kashe kansu ko su riƙa kuka a kan masu arha. Kuma ka tuna cewa kwamfutoci huɗu a rufaffen shago za su zuba zafin kusan wat 1,000 a cikinsa, a garin da bazara ke haura digiri 40, saboda haka ka sa fankar bango mai fitar da iska waje a cikin kasafinka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Zariya. Ana iya sauya katin hoton kwamfutar tafi-da-gidanka?

AMSA: Malama, a kusan dukkan na yanzu ba a iyawa, domin katin hoton da furosesa a like suke da madabod. Abin da ake iya ƙarawa shi ne SSD, da kuma RAM idan ba a like shi ba, kuma za ki gane hakan daga bayanin ƙirar a shafin kamfanin. Idan wasa na yi miki nauyi, ki riƙa bugawa da caja a jiki, domin a kan batir kwamfutar tana rage ƙarfinta da gangan. Kada ki ɗora ta a kan katifa ko darduma, saboda ta ƙasa take shaƙar iska. Ki sa ta a kan tebur, ki ɗaga bayanta kaɗan, sannan ki kai ta a share mata ƙura a sauya mata mai a ƙarshen hunturu, kafin zafin Maris ya kankama.